Tiyon da Ya Faɗi Kusa da Ƙafata

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, abin da ke cikina ya fi ƙarfin in riƙe ni kaɗai, kuma duk wanda zan faɗa wa a gidanmu sai maganar ta ji masa ciwo. Ɗana ya rasu bara, amma sai a watan da ya wuce na gane abin da idona ya gani ranar da ya tafi. A tsaye na gane, a bakin ƙofar wani aji, da ledar riguna a hannuna, ina kallon ɗaliban likita suna ƙoƙarin ceto ɗan tsana na roba.

Ki yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba. Ɗinki nake yi a gida, yawanci kayan yara. Mijina gyaran firji yake yi. 'Ya'ya biyu Allah ya ba mu, namiji da mace. Namijin yana da asma tun yana ƙarami. Idan ciwon ya motsa sai ƙirjinsa ya riƙa yin usur, shi ya sa babansa ya sa masa suna Rafali. Duk sanda baban ya ji ƙarar sai ya ce to an busa, kowa ya ajiye ƙwallo. Yaron ya ɗauki sunan da gaske. Ya tsinci jan ƙyalle a ƙarƙashin kekena ya mai da shi jan kati, idan na hana shi fita sai ya ɗaga mini, wai an kore ni daga fili. Bai cika shekara shida ba.

Ranar da abin ya faru da mura ya dawo daga makaranta. Na ba shi abin shaƙarsa, ya ƙi lafawa. Na ƙara, shiru. Can bayan azahar sai usur ɗin ya ɗauke gaba ɗaya, har na ce alhamdulillahi. Da na duba shi sai na ga yana zaune ya dafa gwiwa, ba ya iya kiran sunana, leɓensa ya sauya launi. Maƙwabcinmu ne ya kai mu asibiti a motarsa.

A sashen gaggawa ba su ɓata lokaci ba, wannan ba zan ɗauki alhakinsu ba. Wata nas ta fizge shi daga hannuna, aka kwantar da shi, aka sa almakashi aka tsaga rigar da ni na ɗinka masa. Sun manta su fitar da ni, sai na maƙale a jikin bango ta wajen kan gadon. Mutane sun yi yawa. Wani yana danna masa ƙirji, wani ya kifa masa roba a hanci da baki yana matsa wata jakar iska, wasu suna neman jijiya. Daga gindin jakar akwai wani siririn tiyo da ya tafi ya shiga bango.

Sai babban likita ya shigo. Kowa ya ja jiki ya ba shi hanya, wani ya tura teburin magunguna gefe, ƙafar teburin ta ja tiyon ya fita daga jakar ya faɗo ƙasa, dab da ƙafata. Ina jin iska tana huci daga bakinsa. Anti, ɗauke ƙafata na yi don kada in taka musu kayan aiki. Ban san mene ne ba. Na ɗauka abin da suka gama amfani da shi ne.

Akwai wata yarinya a tsaye gefena, da gajeriyar farar riga irin ta ɗaliban likita, ba komai a hannunta. Ta kalli tiyon. Ta kalle ni. Ta kalli bayan babban likita, wanda bai daɗe da daka wa wani tsawa ba a kan ya cika shi da surutu. Na ga bakinta ya buɗe, ya rufe. Mai matsa jaka yana ta matsawa, idonsa a kan fuskar yaron. Haka aka ci gaba har babban likita ya ɗaga kai ya kalli agogo, ya ce a dakata. Daga baya wata da ke gyara wurin ta ɗauki tiyon ta naɗe ta rataye, kamar yadda nake naɗe tef ɗin awo idan na tashi daga aiki.

Mijina ya iso an riga an lulluɓe yaron da zane. Ya kama hannun babban likita da hannu biyu yana yi masa godiya. Har yau idan maganar ta taso abu ɗaya yake faɗa, wai likitoci sun cika ɗaki a kan ɗansa, babu abin da ba a yi ba, kwanansa ne ya ƙare. Da wannan maganar yake iya tashi ya tafi shago. Ni ma da ita nake rayuwa, sai watan jiya.

Ƙanwar mijina a wurinmu take zaune, tana karatun likita. Yayanta yana ce mata Dakta Gobe, ita kuma ta ce masa ya bari goben ta zo, ita za ta yi masa allura da kanta. Bakinta ba ya mutuwa, ko da mai kayan miya sai ta yi gardama ta ci. Ita ta samo mini aikin ɗinka wa ajinsu riguna. Wata malamarsu, likitar yara, tana koya musu yadda ake haɗuwa a ceto yaron da numfashinsa ya tsaya. Da ɗan tsana suke gwadawa, kuma duk gwaji sai an tsaga masa riga da almakashi kamar gaske, don haka suna cin riguna. Na ɗinka musu da ragowar yadi na kai.

Na tarar sun fara, sai na tsaya a ƙofa. Ɗakin an shirya shi kamar na asibiti, gado, teburin magunguna, jakar iska, da tiyo a bango. Na kasa juyawa. Ƙanwar mijina tana cikinsu, an ba ta aikin duba lokaci. Suna tsaka da yi sai wani babban likita ya shigo da ɗaurarriyar fuska, ya karɓi jagoranci, yana ba da umarni da faɗa. Daga baya na ji malamar ce ta roƙe shi ya yi hakan da gangan. Ita kuma ta zagaya a hankali kamar mai neman biro, ta sa yatsa ta zare tiyon daga jakar, ta sake shi ƙasa.

Na ji hucin nan. Shi ne, babu bambanci.

Ina kallon ƙanwar mijina ta ga tiyon. Ta kalli babban likitan. Bakinta ya buɗe, ya rufe. Yarinyar da ba a taɓa rufe wa baki a gidanmu ba. Wani ɗalibi ma ya gani, ya sunkuyar da kai yana gyara safar hannu. Malamar ta bar su suka yi ta dannawa da matsawa, sannan ta tsayar da su, ta ɗaga tiyon sama, ta tambayi wa ya ga faɗuwarsa. Hannaye suka ɗagu a hankali, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ta ce wannan tiyon shi ke kawo iskar oksijin, kuma yaron da ke kan gadon ya daɗe ba ya samun ta. Ta ce a ɗakin ceto ba a raba aiki don ado, kowa yana da abin da idonsa ke gadi, kuma wanda ya ga ɓaraka dole ya faɗa da ƙarfi, ya kira sunan wanda yake yi wa magana, ko da shi ne mafi ƙanƙanta a ɗakin. Ɗaliban suka yi 'yar dariyar kunya, wani ya ce wa ɗan tsanan Allah ya ba shi haƙuri. Ni ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Malamar ta kai ni ofishinta ta ba ni ruwa. Na faɗa mata komai. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ta ce ta san abin da ya ɗauki ɗana ba, tunda ba ta wurin. Amma ta ce duk rukunin da ta yi wa wannan gwajin, kaɗan ne ake samun mai buɗe baki, kuma da yawa ba sa ma zuwa ajin saboda ba ya cikin jarrabawa, har ana maganar rage shi. Ta ce ɗan tsana ba ya ba su tsoro, da an tashi sun manta. Ta tambaye ni ko zan iya zuwa in tsaya gabansu in faɗi abin da na gani, ba tare da na ambaci kowa ba. Ta ce in yi tunani, babu dole.

A hanyar gida ƙanwar mijina ta yi ta kuka, ta ce ta san amfanin tiyon sarai, ta haddace shi a littafi, amma da ta kalli fuskar mutumin sai harshenta ya yi nauyi, ta yi ta jiran wani ya riga ta. Ta roƙe ni kada yayanta ya ji. Ta ce na san halinsa, asibitin zai je ya tayar da hankali, kuma a ƙarƙashin mutanen nan za ta gama karatu.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Amma Auta, ƙanwar marigayin, ta fara. Satin da ya wuce ta yi guje-guje da yaran maƙwabta, ta shigo ta jingina da kekena, na ji siririn usur a ƙirjinta. Babanta ma ya ji. Ya ajiye cokali ya fita tsakar gida. Ba wanda ya yi wasan rafali. Asibitin nan shi ne kusa da mu, babu wani da za mu kai kafin lokaci ya ƙure. Duk sanda ta yi tari sai in ga ɗakin, in ga mutane sun ja jiki suna ba wani hanya. Su waɗannan ɗaliban da na ga sun yi shiru, su ne za su tsaya a kan gadon nan ba da jimawa ba.

Anti, in faɗa wa mijina in rushe masa abin da yake tsaye a kai? In je gaban masu ilimi, ni da ko sunan abin ban sani ba sai da aka faɗa mini? Idan na je ba da saninsa ba, na ci amanarsa. Idan na zauna, ban san ranar da zan sake ɗaukar wata a guje ba. Rigunan da malamar ta ƙara ba ni suna nan a yanke a kan keke, ban haɗa ko ɗaya ba. Ban ba ta amsa ba. Ban faɗa wa mijina ba. Auta ma ban kai ta an duba ba, don ƙafata ta ƙi taka ƙofar asibitin.

Maman Rafali

*

Maman Rafali, ƙanwata,

Allah ya jiƙan ɗanki, ya sa mai ceto ne, ya ba ki da mahaifinsa haƙurin rashinsa. Na karanta wasiƙarki har ƙarshe, kuma daga ƙarshen zan fara, domin abin da kika ajiye a layin ƙarshe shi ne ya fi gaggawa.

Ki kai Auta a duba ta a cikin satin nan. Ba sashen gaggawa ba, wurin ganin likitan yara, da rana, tana kan ƙafarta tana wasa. Idan ƙofar ce ba za ki iya shiga ke kaɗai ba, ƙanwar mijinki ta riƙe miki hannu, ko ki roƙi malamar ta haɗa ki da wanda zai gan ta. Ki faɗa musu yayanta da asma ya rasu. Ki nemi a nuna miki yadda ake ba da abin shaƙa daidai, a kuma faɗa miki dalla-dalla alamar da idan kin gani ba jira. Wata likitar yara da na tuntuɓa, ba tare da na faɗi ko ke wace ce ba, ta ce idan yaro ya kasa haɗa magana, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa, ko leɓe ya sauya, ko usur ya ɗauke alhali yana ta faman jan numfashi, a tafi nan take. Yaran da ake bibiyar asmarsu da yawa ba sa kaiwa ga gadon da kike tsoro.

Maganar tiyo kuma, zan faɗa miki yadda likitar da na tuntuɓa ta faɗa mini, ba ragi. Jakar nan ko babu tiyo tana tura iskar ɗaki, ba wai yaron ya zauna babu komai ba. Kuma yaron da ƙirjinsa ya riga ya yi shiru ya yi nisa tun kafin a kai shi. Saboda haka babu mai gaskiyar da zai rantse miki cewa tiyon ne ya ɗauke shi. Babu kuma wanda zai rantse cewa bai rage masa dama ba. Abu ne da bai kamata ya faru ba, ya faru, an gani, an yi shiru. Da wannan rashin tabbas za ki zauna, kuma na san ya fi kowace amsa nauyi. Ƙafar da kika ɗauke kuwa, ki daina auna ta. Ba a ba ki gadin tiyo ba, uwa ce ke a jikin bango.

Yarinyar nan mai gajeriyar riga ba muguwa ba ce, kin ga shaida a cikin gidanki. Babban likitan ma mai yiwuwa ya ceci yara da yawa da hannunsa. Amma ɗakin da ƙarami ke tsoron buɗe baki ɗaki ne mai haɗari komai ƙwarewar babba, kuma abin da malamar ke ƙoƙarin gyarawa ke nan tun kafin su riƙe yaro mai rai.

Mijinki. Na fahimci tsoronki, kuma tsoron ƙanwarsa ba shirme ba ne, makomarta ce. Amma ki duba inda kike tsaye yanzu: kin ga abu, kina kallon bayan babba, kina jiran wani ya riga ki. Ba zargi nake yi ba, so nake ki ga yadda shirun yake kama mutum mai hankali da tausayi. Mijinki uban Auta ne, shi ma zai iya zama wanda ke jikin bango wata rana, ya kamata ya san abin da zai duba. Ki fara sanar da ƙanwarsa cewa za ki faɗa, kada ta ji daga sama. Ki zaɓi lokacin da ya huta, ba yana shirin fita ba. Ki fara da abin da yake gaskiya a maganarsa: sun yi sauri, sun yi ƙoƙari. Sannan ki faɗi abin da kika gani da abin da ba ki sani ba, duka biyun. Idan kina ganin zai tashi a fusace, ki roƙi malamar ku zauna ku uku a ofishinta, ya yi tambayoyinsa ga wadda za ta iya amsawa. Idan bayan haka kuna son asibitin ya zauna da ku ya yi bayani, kuna iya nema cikin natsuwa, ba sai sunan ƙanwarsa ya shiga ba. Zai ji ciwo, kada ki yi tsammanin godiya a ranar.

Zuwa gaban ɗalibai ba bashi ba ne a kanki, kuma ba ya cikin abin da za a yi a ɓoye wa miji. Idan kun daidaita kuma zuciyarki ta ɗauka, ki je. Ba ilimi za ki koya musu ba, suna da shi, ƙanwar mijinki ma ta haddace. Abin da ba su da shi shi ne fuskar wadda ta ji hucin tiyon a gefen ƙafarta. Idan tsayuwar ta yi miki nauyi, malamar ta ɗauki muryarki, ko ta karanta musu wannan wasiƙar taki yadda take. Idan kuma kin ga ba yanzu ba, ki ce mata ba yanzu ba, wannan ma amsa ce.

Abu ɗaya zan roƙe ki, ko kin je ko ba ki je ba. Ke da Dakta Gobe ku tsaya a falo ku gwada faɗar magana ɗaya da ƙarfi: likita, tiyon ya fita. Ku maimaita har ta daina yi muku nauyi a baki. Ranar da yayanta ya huce, ku sa shi ya tsaya ya ɗaure fuska ya zama babban likitan, ta faɗa masa ido cikin ido. Uwa ma tana da damar faɗar wannan maganar a ɗakin gaggawa. Idan ta yi kuskure, tsawa kawai za ta sha.

Allah ya raya miki Auta cikin lafiya, ya sanyaya zuciyar mahaifinta, ya ba ƙanwarsa bakin magana a inda ake buƙatarsa. Riguna za su iya jira a kan keke. Auta ce ba a duba ba har yanzu.

Antinki